GUGAR CINYA: ƘARAMIN CIWO MAI HANA BABBAR TAFIYA

A wannan shafi mun saba magana a kan manyan cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da gudawa. Yau kuwa za mu taɓo wani ciwo wanda kusan kowa ya taɓa ɗanɗanarsa, amma da wuya ka ji mai ambatonsa a dandali ko a bakin rijiya. Wannan ciwo shi ne gugar cinya, wato gurjewar fatar da ke tsakanin cinyoyi idan mutum ya yi doguwar tafiya ko gudu cikin zafi.

Wani zai ce, wannan ma har ciwo ne? To, a tambayi manomin da ya kwana biyu bai je gona ba a tsakiyar noman fari, ga haki yana cin hatsi, shi kuwa yana zaune gida ya kasa haɗa ƙafafunsa. A tambayi matar da ta dawo daga itace tana tafiya a tattale kamar wadda ta taka ƙaya, aka tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, don kunya. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne wannan: gugar cinya ba cutar kunya ba ce, ba kuma alamar ƙazanta ba ce, kuma ana kare kai daga gare ta tun kafin a fita gida, da abin da bai fi ƙarfin talaka ba.

ƘASAR MASU TAFIYA A ƘASA

Duk wanda ya san Garhanga, a gundumar Keita ta jihar Tawa, ya san ƙafa ita ce motar yawancin jama'a. Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da kwaruruka. Gonar wani tana kan tudu, ta wani tana cikin fadama, kuma tsakaninsu da gida akwai hawa da gangara. Mata suna zuwa ɗiban ruwa da neman itace. Makiyaya suna bin dabbobi tun safe har faɗuwar rana. Ranar kasuwa kuwa, ko ta Keita ce, ko ta Tamaske, ko ta Ibohaman, ko ta Buza, mutum yakan yi sammako da kaya a ka, ko yana kore da jaki. Haka abin yake a garuruwan Majiya, har zuwa garaken albasa na ƙasar Madawa.

Dattawa ba su manta da aikin raya karkara na Keita ba, wanda aka soma a shekarar 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza da yawa sun tafi cin rani. Su suka yi ta jidar duwatsu a ka, suna hawa suna sauka, ana jera shingayen tare ruwa, ana haƙa ramukan dashen itatuwa. Mazan da suka tafi cin ranin su ma ba hutawa suka yi ba. A Kano da Legas da Abijan, ɗan Adar mai talla yakan wuni yana zaga unguwanni da kaya a ka ko a kafaɗa.

Yanzu kuma an sami sababbin masu tafiya. Akwai waɗanda ma'aikacin lafiya ya auna ya ce suna da hawan jini ko ciwon sukari, ya umurce su da su riƙa tattaki kullum. Akwai ma'aikata da ƴan kasuwa masu wuni a zaune, waɗanda jiki ya yi wa nauyi. Akwai samari masu gudun safe don ƙwallon ƙafa, ko don kokowa, wasan da aka fara gasar takobinsa ta ƙasa a garin Tawa a shekarar 1975. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya sami motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Wato tafiya da ɗan sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin abin da ake nema. Sau da yawa irin waɗannan mutane sukan fara da himma, sai cinya ta gurje a mako na farko, su ce tafiya ba ta karɓe su ba, su koma su zauna. Nan ne ƙaramin ciwo yake jawo babbar hasara, domin hawan jinin da aka so a rage yana nan yana jira.

ME KE KAWO TA?

Fatar mutum tana da wani siririn rufi a samanta, wanda bai kai kaurin takardar nan da kuke karantawa ba. Shi ne garkuwar jiki. Yana hana ruwan jiki fita, yana hana ƙwayoyin cuta shiga. Idan wannan rufi ya goge, sai ɗanyar fata ta bayyana, ta yi ja, ta riƙa raɗaɗi kamar ƙuna. Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su goge shi.

Na farko, guga. Ku dubi itacen da ake gittawa a bakin rijiya. Igiyar guga ba wuƙa ba ce, amma yau da gobe ta sassare shi ta yi masa kwari. Haka cinya take yi wa ƴar uwarta. Baligi yana yin taku wajen 1,300 a kilomita ɗaya. Wanda gonarsa take da nisan kilomita 5, in ya je ya dawo ya yi taku wajen 13,000, ban da kai da kawowar da ya yi a cikin gonar. A kowane taku fata tana shafar fata, ko kuwa ɗinkin wando yana shafar ta.

Na biyu, laima. Majemi ba ya kankare fata sai ya jiƙa ta, domin ya san jiƙaƙƙiyar fata ita ce mai sakin jiki. Fatar mutum ma idan ta daɗe cikin zufa takan yi taushi, ta rasa ƙarfinta. Bayan haka, fata mai danshi ta fi busasshiya kama juna. Maimakon ta zame ta wuce, sai ta riƙa mannewa tana fizgewa.

Na uku, gishiri. Zufa ba ruwa ba ce zalla, akwai gishiri a cikinta. Shi ne farin zanen da kuke gani a bayan rigar manomi idan ta bushe. Mai aiki cikin zafin rana yana iya zubar da zufa lita ɗaya ko fiye a awa guda. Idan ruwan ya bushe, gishirin yakan zauna a fata da tufafi kamar ɓarɓashin yashi. Yana ƙara guga, kuma idan fata ta buɗe, shi ke sa raɗaɗi.

Na huɗu, ƙura da rairayi. Iskar rani da ƙasar gona suna shiga cikin tufafi, su haɗu da zufa, su zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Shi ya sa ciwon ya fi yawa a lokaci biyu: da bazara, cikin watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi a ƙasar Tawa yake wuce awo 40, da kuma damana, sa'ad da iska take da laima, zufa ba ta bushewa, ga raɓa da ruwan ƙorama suna jiƙa wando.

WA TAKE KAMAWA?

Mutane da yawa suna zaton ciwon masu ƙiba ne kaɗai. Gaskiya ne mai jiki ya fi saurin kamuwa, amma ba shi kaɗai ba. Ɗan kokowa mai murɗaɗɗiyar cinya yana fama da ita. Mace mai ciki tana fama da ita. Siririn mutum mai sanye da wando mai kaushin ɗinki yana fama da ita. Mahayin jaki da na raƙumi da na keke su ma ba su tsira ba.

Alhazai da suka sauke farali za su ba da shaida. Namiji mai harama ba ya sa ɗinkakken tufafi, ga zafin Makka, ga ɗawafi, ga safa da marwa wadda zuwa bakwai ɗinta ta kai wajen kilomita 3, ga tafiyar jifa a Mina. Gugar cinya tana cikin abubuwan da suka fi damun maza a can. Haka kuma manyan ƴan tseren duniya masu gudun kilomita 42 da mita 195. A babbar gasar birnin Landan ta ƙasar Ingila, masu agaji sukan tsaya a bakin hanya da basilin a hannu, ɗan tsere ya lakata ya shafa yana gudu. Abin da zakaran duniya bai ji kunyarsa ba a gaban dubban mutane, don me manomi zai ji kunyarsa a cikin ɗakinsa?

Ba cinya kaɗai abin yake shafa ba. Duk inda fata ta haɗu da fata, ko tufafi ya matse, yana iya gurjewa: hammata, ƙarƙashin nono, tsakanin ɗuwawu, da ƙugu inda tazuge ko ɗaurin zane yake zama. Dabarun da za mu kawo duk sun shafi waɗannan wurare.

DARASI DAGA BAYAN JAKI

Mai jakin kirki ya riga ya san rabin wannan karatu. Ba ya aza mangala a tsirarar bayan dabba sai ya shimfiɗa akumari mai laushi. Kafin ya shimfiɗa yakan kakkaɓe shi, don kada tsakuwa ko ƙarangiya ta maƙale. In ya sauke kaya yakan cire akumarin, baya ya sha iska, gumi ya bushe. In ya ga wuri ya fara saɓulewa, yakan hutar da jakin, domin ya san in ya matsa, gyambo zai fito, ƙuda ya samu wurin zama, jaki ya yi wata bai yi aiki ba. Mai shanun noma ma haka yake lura da wuyan sa inda karkiya take zama. To, tausayin da muke yi wa dabba, mu yi wa jikinmu irinsa.

HANYOYIN RIGAKAFI

1. Sa shamaki tsakanin cinya da cinya. Wannan ita ce babbar dabara. A sa gajeren wando na ciki mai laushi, wanda ya kama jiki ba tare da matsewa ba, kuma tsawonsa ya sauko har tsakiyar cinya ko kusa da gwiwa. Ta haka yadi ne zai riƙa gugar yadi, fata ta huta. Ɗan kamfai gajere ba ya wannan aiki, sau da yawa ma bakinsa ne yake yankar matse-matsi. Irin wandon nan mai talewa da ƴan ƙwallo suke sawa a ƙarƙashin kayan wasa ya fi kowanne, domin ba ya riƙe zufa, kuma akan same shi a wurin masu gwanjo. In an saya, a wanke shi da sabulu, a shanya a rana kafin a sa. Mata ma su sa irinsa a ƙarƙashin fatari ko zane, babu mai gani. Wanda bai samu ba, ya kai wa tela yadi mai laushi, ya ce a kwantar da ɗinkin, kada a bar masa tudu a cikin cinya. In ɗinkin wandon da kake da shi yana da kaushi, juya shi bai-bai, ɗinkin ya koma waje.

2. A san halin yadi. Auduga tana da daɗi a jiki, kuma ita ta fi dacewa da zaman gida da barci. Amma tana shan zufa ta riƙe, in ta jiƙe sai ta yi nauyi ta dunƙule tsakanin cinyoyi. Wanda ke da na auduga kaɗai, ya tafi da biyu, in ɗaya ya jiƙe ya sauya, ya shanya ɗayan a kan reshe. Sabon yadi mai sitaci, da wando mai kauri irin na jin, da wanda ya yage a hantsa aka yi masa faci mai tudu, duk ba na doguwar tafiya ba ne. Wajen wanki kuma a ɗauraye tufafin ciki sosai, domin sauran omo da ya bushe a yadi yana cin fata.

3. Shafa mai kafin a fita, ba bayan an ji zafi ba. Mai yana sa fata ta zame, kuma yana tare zufa. Basilin shi ne mafi sauƙin samu, kuma yana daɗewa a jiki. Tun shekarar 1872 aka yi masa rajista a Amurka, har yau kuwa likitoci suna aiki da shi. Man kaɗanya mai tsabta shi ma yana aiki ƙwarai. Akwai kuma farin man nan mai sinadarin zinki da ake shafa wa jarirai a gindi, ana samunsa a kantin magani. Man gyaɗa da man shanu suna taimakawa idan babu wani, sai dai ba sa jimawa, kuma suna wari cikin zafi. A shafa a fata mai tsabta busasshiya, a duk wurin da aka san yana guga. In tafiyar mai nisa ce, a ɗauki kaɗan a ƙaramin gwangwani, a sake shafawa bayan awa biyu ko uku, ko bayan an ƙetare ruwa. Amma kafin a sake, a share wurin da tsumma mai tsabta, domin mai yana kama rairayi. Mai niyyar aikin hajji ya nemi basilin marar ƙamshi, tun da an hana mai harama turare.

4. Hoda tana da iyakarta. Tana tsotse danshi a gajeruwar tafiya, amma in zufa ta yi yawa sai ta cure ta zama dunƙule-dunƙule masu ƙara guga. Kada a haɗa ta da mai a wuri ɗaya, a zaɓi guda. Mata kuma kada su bari hoda ta kai ga al'aura. A shekarar 2024 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin talk, wanda ake yin hoda da yawa da shi, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon daji.

5. Tsane jiki. Bayan wanka ko tsarki, a tsane matse-matsi kafin a ɗaura wando. Mai aske gashin wurin kada ya yi askin a daren tafiya, ya yi tun da sauran kwanaki, domin sabuwar aska tana barin fata a buɗe.

6. Zaɓi lokaci. Mai tattaki ko gudu don lafiya ya fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Mai zuwa kasuwa ya yi sammako. Da tsakar rana a nemi inuwa, a sassauta tufafi, jiki ya sha iska.

7. Sha ruwa. Wasu suna ƙin shan ruwa wai don kada su yi zufa. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin ƙishirwa cikin zafin bazara tana iya kayar da mutum. A tafi da gora ko buta, a riƙa kurɓa a kai a kai.

8. Fara da kaɗan. Wanda ya daɗe bai yi tafiya ba, kada ya ce zai rama bashin shekara a rana ɗaya. Ya fara da minti 10 ko 15, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Fata tana sabawa kamar yadda tafin hannu yake sabawa da ƙotar hauya. Sannu ba ta hana zuwa. Mai jiki kuma, in ya dage, nauyin zai ragu, gugar ma ta ragu.

9. Da an dawo, a cire jiƙaƙƙen tufafi. Kada a zauna hira da wandon da aka yi zufa a cikinsa. A ɗauraye gishirin, ko da da ruwa moɗa guda ne, a tsane, a sa tufafi mai yalwa.

IDAN FATA TA RIGA TA GURJE

Alamar farko ita ce ɗan zafi-zafi a wurin, kamar an shafa barkono kaɗan. Nan ne ya kamata a tsaya a gyara, kafin fata ta buɗe. In kuwa ta riga ta yi ja tana raɗaɗi, ga abin yi:

A wanke hannu. A wanke wurin a hankali da ruwa mai tsabta, wanda ba zafi ba, da sabulu marar ƙamshi. Kada a sa soso. A tsane da tsumma mai tsabta ta hanyar dannawa, ban da gogewa. A bar wurin ya sha iska, sa'an nan a shafa man zinki ko basilin kaɗan, safe da dare. Da dare a kwanta da zane ko wando mai yalwa na auduga. A rage tafiya kwana ɗaya ko biyu. In fita ta zama dole, a rufe wurin da bandeji ko ƙyalle mai tsabta, a ɗora gajeren wando a kai. Gugar da ba ta haɗu da wata cuta ba takan yi sauƙi cikin kwana biyu ko uku, ta warke kafin mako ya zagayo.

Ga kuma abubuwan da ba a sawa ko kaɗan: toka, ƙasa, kashin shanu, baƙin man mota, garin batir, bula, kanwa, lemun tsami, turare, da man zafi irin na ciwon jiki. Wasunsu suna ƙona fata, wasu suna da guba, ƙasa da kashin dabba kuwa suna iya shigar da ƙwayar cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure haƙora. Kada a fasa kafso a barbaɗa. Kada kuma a sayi man shafawa a hannun mai tallar magani ba da sanin ma'aikacin lafiya ba. Da yawa daga cikinsu, har da mayukan sauya launin fata, suna ɗauke da sinadari mai kwantar da ƙaiƙayi na ƴan kwanaki, amma yana sirantar da fata, yana kuma ba makero damar yaɗuwa.

CUTUTTUKAN DA SUKA YI KAMA DA ITA

Ba kowane ja ko ƙaiƙayi a cinya ne guga ba. Wuri mai ɗumi da laima gona ce ga wasu ƙwayoyin cuta, musamman in fata ta riga ta gurje.

Makeron matse-matsi yakan yi da'ira mai baki a tashe, tsakiyarta ta ɗan washe, tana faɗaɗa a hankali. Ƙaiƙayinsa ya fi raɗaɗinsa, kuma hutu ba ya warkar da shi. Ana ɗaukarsa ta wando ko tawul, don haka kada a yi aron waɗannan.

Akwai wani kuma mai sa wurin ya yi ja wur, ya jiƙe, da ƙananan ƙuraje a gefe-gefe. Ya fi kama masu ƙiba da masu ciwon sukari. Wannan da makero duka ana maganinsu da man shafawa irin su kulotirimazol ko mikonazol, sau biyu a rana, mako biyu zuwa huɗu, bisa umurnin ma'aikacin lafiya. Kada a daina don an ga sauƙi, a cika kwanakin.

Ƙazuwa kuwa ƙaiƙayinta da dare yake tsananta, tana fitowa har tsakanin yatsun hannu, kuma za a tarar wasu a gidan suna susa. Ita sai an yi wa mutanen gida magani gaba ɗaya.

In kuma akwai ƙurji ko gyambo a kan al'aura kanta, ko wani ruwa yana fita, ko fitsari yana zafi, wannan ba gugar tafiya ba ce. A tafi likita, miji da mata tare.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA?

A nufi ɗakin shan magani ko CSI mafi kusa idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

– mako ya cika wurin bai warke ba, ko yana ƙaruwa;
– wurin ya kumbura, ya yi zafi, jan yana yaɗuwa;
– mugunya tana fita, ko wari, ko maruru ya fito;
– kaluluwa ta taso, ko zazzaɓi ya zo;
– ciwon yana warkewa yana dawowa.

Mai ciwon sukari kada ya jira mako, ya tafi da wuri, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. Wanda kuma ciwon yake yawan dawo masa, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ya roƙi a auna masa sukari. Sau da yawa ta irin wannan ƙaramar ƙofa ake gano babbar cuta. In abin ya fi ƙarfin CSI, za a tura mutum asibitin gunduma a Keita ko Buza ko Madawa.

Kunya ado ce, amma ba a gaban mai magani ba. Majo ya ga irin wannan ciwo ba adadi, kuma aikinsa ya hana shi faɗa wa kowa. Macen da ba ta iya gaya wa namiji, ta nemi ungozoma ko ma'aikaciya mace. Iyaye kuma su lura da yara masu zuwa lakwal ko kiwo daga nesa. Yaro ba zai faɗa ba, amma tafiyarsa za ta nuna.

ABIN TATTAUNAWA A AJI

Malaman yaƙi da jahilci suna iya karanta wannan shafi tare da ɗalibai, maza a ajinsu, mata a nasu, sa'an nan a amsa waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su gurje fata?
2. In kasuwa tana da nisan kilomita 8, taku nawa mutum zai yi zuwa da dawowa?
3. Me ya bambanta gugar cinya da makero?
4. Waɗanne abubuwa ne mutanen garinmu suke sawa a rauni waɗanda ya kamata a bari?

Jama'a, gajeren wando ɗaya da ɗan gwangwanin basilin ba su fi ƙarfin talaka ba. Wanda zai fita gobe da asuba, ko gona ya nufa, ko kasuwa, ko tattakin da likita ya umurce shi, ya tanadi kayansa tun daren yau. Wanda ya karanta kuma ya gaya wa wanda bai iya karatu ba.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.